Ba Ɗan Acaba Ba Ne

Dauda da Rifkatu, tun da na fara rubuta muku labarin rayuwata nake ta kewaye-kewaye don kada in iso wannan wuri. Na ba ku labarin ƙauyenmu, na ba ku na zuwana Kaduna da akwatin kwano a ka, na ba ku na masaƙa har sai da uwarku ta ce ko injunan ma sun gaji da jin sunansu a bakina. To, yau babu sauran wurin ɓuya. Abin da kuka sani shi ne wani ɗan acaba ya buge ni a bakin titin Nasarawa, ya karya mini kwatangwalo, ya gudu. Ke Rifkatu har Allah ya isa kika yi masa a waya kina kuka. Ina roƙonki ki janye, domin babu wani ɗan acaba. Ni na ƙirƙiro shi ina kwance a gadon asibiti, kuma kunyar da nake ji yanzu da biro a hannuna ta kusa kai wadda na ji a ranar.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Lokacin da aka rufe masaƙa aka ce mu tashi daga kwatas ɗin ma'aikata, kai Dauda ka riga ka tafi Legas, ke kuma kina gidan mijinki a Jos. Mu biyu ne kawai da uwarku muka kwashe kaya zuwa gidan Ishaku. Ishakun nan yarona ne a da a sashen saƙa. Ni na koya masa ɗaura zare, ni na sha rufa masa asiri in ya makara. Ashe ya fi mu wayo, ya bar aikin tun injuna suna juyi, ya shiga tuƙin tifa, ya gina gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Ya ba mu ciki da falo na ƙarshe yana ta ba ni haƙuri, wai wurin bai dace da ni ba. Har yau Oga yake kirana, kuma duk sanda ya faɗa sai in ji kamar sunan wani mamaci ya ambata. Ku da kuke zuwa da Kirsimeti falon kuke gani, da kujerunmu na kushin na zamanin da, da hotona na ranar da aka yi mini foman. Ku ci shinkafa, mu yi dariya, da yamma ku koma masauki. In ma ɗayanku ya zaga baya, a bushe yake samun wurin, uwarku ta dirje shi tas saboda zuwanku. Ba ku taɓa ganinsa da damina ba.

Wurin wanka ɗaya ne ga duk mutanen gidan, can a lungu bayan inda mata ke girki. Ƙofarsa ta kwano ce, da wata lanƙwasasshiyar ƙusa ake rufe ta daga ciki. Babu taga, ƙwan lantarki kuwa in an sa yau gobe wani ya cire ya kai ɗakinsa. Simintin ƙasa ya cinye ya yi kwari a tsakiya, ruwan sabulun kowa a nan yake kwanciya, da damina kuma gansakuka ta bi ta shimfiɗa kore shar har jikin bango. Samari suna shiga suna fitowa da waƙa a baki, ko a jikinsu. Da yake ƙusar nan ba ta da tabbas, akwai ƙa'idar da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba: in kana ciki ka ji takun mutum, sai ka yi gyaran murya, shi kuma ya juya ba tare da ya ce uffan ba. Haka muke yi a ƙauye, haka ake yi a duk gidan hayar da na sani a garin nan.

Da safe bokitai ake jerawa a layi, mutum ya tsaya kusa da nasa da tawul a ƙugu yana goge haƙora. Na gwada a makon farko. Ina tsaye da bokitina a bayan wani yaro mai tura baro, sai ya waiwayo ya gan ni ya ce, “A'a, Baba, ku wuce mana.” Duk layin suka dare suka ba ni hanya. Kirki suka yi mini, amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Mutumin da a da in ya shigo sashe kowa ke miƙewa, yau ga shi da furfura a ƙirji yana tsallake bokitan yara. Daga ranar na yanke wa kaina shawara ba zan ƙara wanka ba sai rana ta take, bayan kowa ya fita nema. Ban tsaya na yi tunanin cewa a lokacin ne ƙasa ta fi santsi ba, bayan duk gidan sun zuba mata sabulu, kuma a lokacin ne babu mai jin motsina. Uwarku kan fita da sassafe da kulolin abinci zuwa bakin kamfanoni a Kudenda, ba ta dawowa sai yamma ta gabato.

Shekarar da nake ba ku labari jikina ya riga ya fara ba ni sanarwa. Yanar ido ta rufe mini na hagu, na dama ma hazo-hazo yake gani. Ƙwayar hawan jinin da aka ce in sha kullum, raba ta biyu nake yi don ta kai ni ƙarshen wata, wani lokaci in tsallake, in na ji kaina ya yi nauyi kuma in haɗiye biyu a tare. In na sunkuya na ɗago sai jiri ya kwashe ni. Silifas ɗina ƙasansu ya suɗe sumul, ɗaya ma da waya na ɗaure bakinsa. Ba wai ba ku aiko da abin da Allah ya hore muku ba. Kuna aikowa. Amma ni ne duk sanda kuka tambaya nake cewa komai daidai, saboda uban da ya biya muku kuɗin makaranta ba tare da ya roƙi kowa ba bai san yadda ake buɗe baki a ce silifas sun ƙare ba.

A farkon shekarar aka ce mini Alhaji Lawal, tsohon manajan sashenmu, ya zame a banɗaki a gidansa na Barnawa. Na saka kwat ɗina na zuwa sujada na tafi duba shi. Na sauka daga mota nesa da gidan na goge takalmina da hankici kafin in buga ƙofa. Na same shi a zaune a falo ana yanka masa gwanda, sanda mai kan tagulla a jingine a gefensa. Ya girme ni, ya kuma fi ni jiki, amma ga shi nan garau yana ba da labari yana dariya.

“Bitrus, ai Allah ne ya kiyaye,” in ji shi. “Ina zamewa mutanen gida suka ji ƙara, kafin in ce wash an ɗaga ni. Ranar aka ɗauki hoton ƙashi, ranar aka yi abin da za a yi. Taso ka ga abin da yara suka yi mini.”

Ya ja ni har banɗakin. An kafa ƙarfen riƙewa a bango ta kowane gefe, an shimfiɗa roba mai ƙurji-ƙurji a ƙasa, ga kujera a ƙarƙashin shawa, ga fitilar da ba ta mutuwa ko an ɗauke wuta, har da ƙararrawa kusa da hannu. Wurin ya fi ɗakin kwananmu haske.

“Kai ma ka sa a yi maka,” ya ce. “Mun fa kai shekarun.”

“In Allah ya yarda, Alhaji. Ai ina da niyya.”

Haka na faɗa, kamar mai banɗakin kansa. A hanyar komawa wata kalma ta tsaya mini a rai. Duk wanda ya ba ni labarin Alhaji cewa ya yi ya zame. Ba wanda ya ce ya faɗi. A Kakuri kuwa, unguwar masaƙun, tun da aka rufe masaƙa, in ka ji an ce wane ya faɗi ko wane ya karye, sai ka tambaya ko jikinsa ake nufi ko aljihunsa, kuma sau da yawa duka biyun ne. Ni na san an riga an faɗi haka a kaina ta fuskar aljihu. Na ƙudurta a raina ba zan bari a ƙara da ta jiki ba, ko da kuwa ta faru.

Ta kuwa faru tun farkon damina, ƙarama. Ƙafa ta ƙwace mini na durƙusa a kan gwiwa, na dafa bango na tashi. Da yamma uwarku ta ga ina ɗingishi.

“Baban Dauda, me ya sami gwiwarka?”

“Kujera na buga.”

“Wace kujera ce a gidan nan take da gansakuka? Ga koren nan a tawul ɗinka.” Ta zauna ta dube ni. “Ka riƙa wanka da safe ina nan, in kai maka ruwa in tsaya a bakin ƙofa. Ko kuma in kawo baho ɗaki.”

“Baho? Ni jariri ne?”

“To bari in gaya wa Dauda.”

“Ki gaya masa me? Ubansa ya kasa wanka?”

Na ɗaga mata murya yadda ban saba ba, ta tashi ta hau wanke kuloli. Ta ce in riƙe sanda, na ce a hannun Alhaji sanda ado ce, a hannuna kuwa talla ce ta cewa na ƙare. Ko da Ishaku ya zo zagayen gida ya tsaya a ƙofarmu ya ce, “Oga, babu wata matsala dai?” ga maganar simintin nan a kan harshena, amma na ce masa babu. Ban iya kai ƙara wurin yaron da na koya wa ɗaura zare ba.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi-sanyi. Na jira gida ya yi tsit, na ɗauki bokitin da uwarku ta ajiye mini na shiga na maƙala ƙusa. Na sa sabulu a kai da fuska, na sunkuya in ɗebo ruwa, na ɗago. Jiri ya zo, na kai hannu bango, bangon ya zame, silifas suka tafi gabansu. Na ji ƙarar kafin in ji zafin, irin ƙarar busasshen kara in an taka shi. Da na dawo hayyacina ina kwance a gefe cikin kwarin nan na tsakiya, tsirara haihuwar uwata, sabulu yana cin idona, bokiti ya kife. Na yunƙura zan tashi, wani zafi ya soke ni daga ƙugu har ƙwaƙwalwa. Na shafa ƙafar dama na ji ta juya waje kamar ba tawa ba. Na yi shekaru ina ganin haɗari a wurin aiki, don haka ba sai an gaya mini ba, na san na karye.

Mutum ɗaya ce ta rage a gidan, Maman Chidi, matar makaniken nan ɗan ƙabilar Ibo da ke aiki a Kakuri, wadda ɗakinsu ke kallon namu. Sa'arki ce, Rifkatu. Papa take kirana, kuma ta iya Hausa fiye da yadda take nunawa. Ina kwance ina jin ta tana daka a tsakar gida, tsakanina da ita bai wuce a yi magana a ji ba. Can sai na ji dakan ya tsaya, na ji ƙarar mariƙin bokiti, na ji takunta yana nufo lungun. Zuciyata ta ce Ubangiji ya turo ta. Na buɗe baki zan ce ta taimake ni.

Gyaran murya na yi.

Ta tsaya cak, ta juya, takun ya yi nisa. Na farkon nan zan iya cewa sabo ne, maƙogwaro ya yi abin da ya saba kafin kai ya yi tunani. Amma na biyun ba ni da wannan uzurin. Ta jira iya jiran da ake yi wa dattijo, ta dawo, kuma a tsakanin na samu lokaci na auna komai. Na auna sanyin da ya fara shiga ƙashina da zafin da ke sa ni ganin duhu. A ɗaya gefen na auna yarinya sa'ar 'yata tana buɗe ƙofar nan ta gan ni zigidir cikin ruwan dattin gidan haya, ni Bitrus foman, dattijon ikkilisiya mai karanta Littafi ranar Lahadi. Na zaɓa da hankalina, na sake yin gyaran murya, wannan karon da ƙarfi, irin na mutumin da aka dama. Ta sake juyawa. Na kwanta ina jin kyankyasai suna bin ƙafata, ina gaya wa kaina in na huta kaɗan zan ja jiki in kai ga tawul ɗin da ke rataye a ƙofa, in na rufe jikina sai in yi kira. Na miƙa hannu har na gaji, ban ko kusa da shi ba.

Rana ta karkata, na gane haka ta hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Haƙorana suna haɗuwa. Sai na ji muryarta daga ɗan nesa, a hankali, irin ta mai jin nauyin abin da take yi.

“Papa, lafiya dai?”

“Lafiya lau, 'yata.”

Ku ji fa. Ina kwance da karyayyen ƙashi na ce mata lafiya lau, har da ƙoƙarin daidaita murya. Da irin tarbiyyarmu ce zalla a jikinta, da ta koma ɗaki ke nan, domin wa zai ƙaryata dattijo a banɗaki? Amma ban ji takun tafiyarta ba.

“Papa, kwata ta bushe,” ta ce. “Tun ɗazu nake kallo, ko ɗigo bai fito ba. Mutum ba ya wanka babu ruwa. Abeg, zan shigo.”

“Kada ki shigo.”

“Sai dai ku yi haƙuri.”

Ta daki ƙofar da kafaɗa, ƙusar ta yi tsalle. Da baya ta shigo. Ta kwance zanen da ta yafa a kan rigarta ta baza shi ta bayanta da hannu biyu, tana ja da baya a hankali har ta ji ƙafata, sannan ta sake shi ya rufe ni.

“Ban ga komai ba, Papa,” in ji ta. “Idona yana kan bango.”

A nan na fashe da kuka, kuma ba don zafi ba. Ta ruga bakin titi ta kira mai faci da wasu masu keke napep, aka bugo wa Ishaku. A kan bencin mai shayi aka fito da ni, lulluɓe da zanen mace, ana bi da ni ta tsakar gida daidai lokacin da yara ke dawowa daga makaranta. Layin bokitin da na yi ta gudu, ga shi unguwa guda ta taru tana kallona. Ishaku yana riƙe da kan bencin yana ta cewa, “Sannu Oga, sannu Oga.” Na rufe idona, na so ƙasa ta tsage in shige.

A asibiti likita ya tambayi tsawon lokacin da na yi a ƙasa. Na ce ba daɗewa. Maman Chidi ta faɗi gaskiya, ya dube ni ya girgiza kai. Kwanciyar nan cikin ruwan sanyi ta sa mini ciwon ƙirji da zazzaɓi, dole aka jinkirta aikin tiyata sai da na farfaɗo, kuma ɗingishin da kuke gani yau da sanda a hannuna daga nan ya samo asali. A ɗakin da aka kwantar da ni na ga 'yan'uwana. Na kusa da ni tsohon maigadi ne wanda ya isa hutawa tuntuni amma yunwa ta hana shi, jiri ya kayar da shi a bakin get. Na gaba da shi katakon da aka ɗora a kan kwata ne ya karye da shi a ƙofar gidansu a unguwar Television. A ɓangaren mata, uwarku ta ce akwai wata tsohuwa da guga ya rinjaya a bakin rijiya. Duk tsofaffi ne da ke ɗaukar abin da bai kamata su ɗauka ba, suna bin inda bai kamata su bi ba, a cikin duhu, da takalman da suka mutu. Ba wanda ya zo gaishe mu ya ce mun zame, kowa sannu da faɗuwa yake yi mana.

Da aka ce sai an yi aiki, ya zama dole a gaya muku. Uwarku ta tsaya a kaina da waya a hannu.

“Me zan ce musu?”

“Ba ni.”

Kai ka ɗauka, Dauda. Ka ce, “Baba, me ya faru?” Na ji tsoro a muryarka, na kuma ji yadda har yanzu kake ganina, uban da ba ya gazawa. In na ce banɗaki, za ka tambaya wane irin banɗaki, daga nan kuma komai zai fito: silifas, rabin ƙwaya, layin bokiti, duk shekarun da na yi ina cewa komai daidai. Sai na ji bakina ya ce, “Wani ɗan acaba ne.” Uwarku ta dube ni, ta juya ta fita baranda. Ba ta taɓa ƙaryata ni a gabanku ba, ba ta kuma fara ranar ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda gidan duka suka taya ni. Da ka zo, Ishaku ya tare ka a ƙofa yana zagin 'yan acaba, har launin babur ɗin ya gaya maka. Mai faci ya ce a kan idonsa aka yi. Rufin asiri suke yi mini, don sun san abin da nake gudu, kowannensu ma shi yake gudu. Maman Chidi ce kaɗai da ka gaishe ta ta amsa ta shige ɗaki.

Ku kuwa kun yi duk abin da 'ya'yan kirki za su yi, sai dai maganin ciwon da na gaya muku kuka saya. Kun biya aiki. Kun kafa mana doka, daga ni har uwarku, babu mai ƙara hawa acaba ko tsallaka titi shi kaɗai. Kun sama mata mai keke da zai riƙa kai ta Kudenda yana dawo da ita. Duk wayar da za ku bugo sai kun ja mini kunne a kan titi, ni da titin nan bai taɓa yi wa komai ba. Ranar da za ka koma, Dauda, ka tsaya a falo ka ce, “Akwai wani abu a gidan nan da ke buƙatar gyara?” Tsakaninka da lungun nan taku kaɗan ne. Na ce babu. Ishaku ya sa sabon ƙwan lantarki, ya sa an liƙa siminti a kwarin, ya ce in ya samu sarari zai fasa wurin gaba ɗaya. Ƙwan ya ɓace, liƙin ya ɓare, gansakuka ta dawo da ruwan farko. Bai samu sarari ba, ni kuma ban tuna masa ba.

Yanzu a baho nake wanka a tsakar ɗaki, a kan kujerar roba, uwarku tana cuɗa mini baya. Abin da na ɗaga mata murya a kansa, shi nake yi kullum, kuma ban mutu ba. In mun gama ita ke kinkimar ruwan ta kai lungun ta zubar, sannan ta shiga ta yi nata wankan kafin mai keke ya iso. Ita ma fa ta tsufa. Kuna ganinta da ƙarfi saboda ba ta zama, amma na lura ta fara laluben bakin kofi kafin ta zuba shayi.

Ranar Talatar da ta wuce ta daɗe ba ta dawo daga zubar da ruwan ba. Da ta shigo, zanenta ya jiƙe ta gefe guda tun daga kafaɗa, tana riƙe da gwiwar hannunta, baho kuma ya tsage. Ta zauna a bakin gado tana mayar da numfashi. Na tambaye ta ko wannan ne na farko, ta ƙi dubana, sai na gane ba shi ba ne.

“Kada ka gaya wa yara,” ta ce. “Sun yi ɗawainiya da yawa a kanka. Kuma matan zumunta na ikkilisiya in suka ji, sai su cire ni daga masu hidima su zaunar da ni da tsofaffi.”

“Maman Dauda…”

“Ka yi mini alkawari. Ni na rufa maka naka.”

Na yi mata alkawari, domin gaskiya ta faɗa, ta rufa mini. A duk zamanmu ban taɓa karya mata alkawari ba sai wannan, kuma na san za ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Na yarda. Ga ta can a tsakar gida tana yanka albasar gobe da hannu ɗaya da rabi, tana tsammanin har yanzu labarin masaƙa nake rubutawa. In na ajiye biron nan zan kira Maman Chidi ta ɗauki hoton shafukan da wayarta ta tura muku yau, ba zan jira in gama littafin ba. Uwarku ta faɗi, Dauda. Uwarki ta faɗi, Rifkatu. Hadari yana haɗuwa ta gabas yanzu haka, kuma gobe da safe ma can za ta shiga.